Ku Daina Yi Wa Godzilla Dariya

 

A zaman ƙungiya na ƙarshe, da aka zo kan finafinan da ya kamata marubuci ya kalla don ya koyi ginin labari, wani daga cikinmu ya ambaci Godzilla. Sai ɗaki ya ɗauki dariya. Wani babban yayanmu, wanda muke ganin girmansa kuma muka koyi abubuwa da yawa a hannunsa, ya ce, "Wannan ai ƙato ne ya sa rigar roba yana tattake kwalaye." Aka ƙara shewa, aka wuce zuwa wata magana. Mu 'yan ƙalilan da ba mu yi dariya ba mun yi shiru ne don ladabi, ba don rashin abin faɗi ba. Yaya, ka yi haƙuri, yau ga amsarmu, kuma za ta ɗan yi tsawo.

Mun yarda, ƙato ne ya sa rigar roba. Sunansa Haruo Nakajima, kuma za mu dawo kansa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce iyakar labarin ke nan. Akasarin waɗanda suka yi dariya ranar nan ba su taɓa zama sun kalli fim ɗin farko na 1954 daga farko har ƙarshe ba. Abin da suka gani guntaye ne a waya, ko kuma na Amurka na kwanan nan da dodanni ke dambe a tsakiyar gari. Mutumin da ya ce shi marubuci ne, ya yanke wa aiki hukunci bai gan shi ba, to da me ya fi mai sharhin littafi daga bangonsa, wanda kullum muke ƙorafi a kansa?

Bari mu fara da abin da ya faru kafin a kunna kyamara. Ranar 1 ga Maris 1954, Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini da ke tekun Fasifik. Ƙarfinsa ya kai megatan 15, kusan ninki dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima, kuma ya ninka abin da masanan da suka haɗa shi suka yi hasashe fiye da sau biyu. A can nesa, a wajen iyakar da aka shata aka ce nan ne hatsari ya tsaya, akwai wani ƙaramin jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki suna kamun kifin tuna. Suka ga haske ya keto ta yamma da asuba. Bayan 'yan sa'o'i wata farar toka ta fara zubo musu, ta shiga gashinsu da idanunsu da bakinsu. Ba su san mece ce ba. Kafin su isa tashar Yaizu bayan mako biyu, fatarsu ta ƙone, gashi ya fara zuba. A watan Satumba na shekarar, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya mutu yana da shekara 40.

Ƙasar da kifi ne cimarta ta wayi gari tana tsoron kifi. Ana zagayawa kasuwa da na'urar auna gubar nukiliya, ana binne tuna. Matan aure a unguwar Suginami da ke Tokyo suka fara tara sa hannu don a hana gwajin makaman, har adadin ya haura miliyan 30. Kuma ku tuna, shekara 9 kacal ke nan da Hiroshima da Nagasaki, shekara biyu kacal da ƙarewar mamayar Amurka, wadda a lokacinta ana tace abin da jaridu da finafinan Japan za su faɗa game da bam ɗin. Mutanen da aka ƙona, aka kuma hana su kuka da ƙarfi.

A ranar 3 ga Nuwamba 1954, wata takwas bayan tokar nan, kamfanin Toho ya saki Gojira. To yaya fim ɗin ya buɗe? Da ma'aikatan jirgin ruwa suna zaune suna hutawa, wani na kaɗa jita, sai haske ya taso daga teku ya makantar da su, jirgi ya kama da wuta, mai rediyo yana ta aika saƙon neman agaji har ruwa ya ci shi. Babu ɗan Japan ɗaya da ya zauna a sinima a wannan wata da bai san jirgin da ake nufi ba. Mutum fiye da miliyan 9 suka sayi tikiti. Ku gaya mana, dariya suka je yi?

Daraktan, Ishiro Honda, tsohon soja ne da ya yi yaƙi a China, aka kama shi fursuna, kuma a hanyarsa ta komawa gida ya ratsa ta Hiroshima ya ga abin da ya rage. Shi ya sa dodonsa ba ya farauta, ba ya jin yunwa, ba shi da wani buri da za a yi ciniki da shi a kai. Yana fitowa daga teku da dare, ya bi gari a hankali, ya hura wuta, ya koma. Inda ya taka, ƙasa ta zama guba. Masanin da ke binciken sawunsa a tsibirin Odo, Dakta Yamane, ya gaya wa majalisa ƙarara cewa gwajin bam ne ya tashe shi daga inda yake kwance tun zamanin da. Shi wannan Yamane, Takashi Shimura ne ya fito a matsayinsa, mutumin da a shekarar nan ɗaya ya jagoranci jaruman Seven Samurai na Kurosawa, fim ɗin da su yayanmu ke ambata da girmamawa. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, ɗan wasa ɗaya. Ɗaya an ɗora shi a kan kai, ɗaya an mayar da shi abin shewa.

Wuraren da suka fi tsaya mana a rai a fim ɗin ma babu dodo a cikinsu, ko kuma yana can nesa. Akwai wata mata a jirgin ƙasa da ke mita da abokan tafiyarta, tana cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki, yanzu kuma ga wannan. Wani ya ce shi dai ya gaji da gudu zuwa ramin ɓuya. Hira ce irin ta mutanen da masifa ta zame musu jiki. Akwai wata uwa da ta tsugunna a gindin bene ta rungume 'ya'yanta, wuta na zubowa, tana rarrashinsu da cewa saura kaɗan su je wurin babansu. Ba a gaya mana inda baban yake ba. Ba a bukata. Duk wanda ke zaune a sinimar ya san inda mazan Japan suka tafi ba su dawo ba. Sai kuma asibiti da safe, mutane kwance a ƙasa har baranda, likita ya kara na'ura a jikin wani yaro, na'urar ta hau ƙara, likitan ya ɗago ya kalli mai taimaka masa bai ce komai ba. Marubuta, ina wanda ya taɓa koya mana a taron bita yadda ake faɗin mutuwar yaro ba tare da an furta kalma ɗaya ba? Ga shi nan a fim ɗin da kuka ce na yara ne.

Kuma Tokyo da ke ci da wuta a allon ba ƙirƙira ba ce ga masu kallo. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 1945 jiragen Amurka sun ƙona gabashin birnin, mutum kusan dubu 100 suka mutu a dare ɗaya. Waɗanda suka tsira daga wannan dare su ne suka biya kuɗi suka zauna suka sake kallonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu mu koma kan rigar roba, tunda ita ce hujjarku. Eiji Tsuburaya, wanda ya tsara dabarun hoton, ya so ya bi hanyar King Kong na 1933, inda ake motsa ɗan gunki kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Lissafi ya nuna masa aikin zai ci shekaru, shi kuwa watanni aka ba shi. Sai ya juya abin: ya gina ƙaramar Tokyo da hannu, gida-gida, da rufi da tagogi da turakun lantarki, ya sa mutum a cikin riga ya ratsa ta, ya ɗauka da kyamara mai gudu don in an dawo da shi daidai kowane taku ya yi nauyi. Rigar farko ta kai kilo 100. Nakajima ba ya iya wuce 'yan mintuna a ciki saboda zafin fitilu, ana juye gumi daga rigar in ya fito. Ya riƙa zuwa gidan namun daji na Ueno yana nazarin tafiyar manyan dabbobi, kuma ya ci gaba da saka rigar har 1972. Kukan dodon kuwa, wanda har yau in an ji shi an san ko na wane ne, mai kiɗan fim ɗin Akira Ifukube ne ya samar da shi ta hanyar goga safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro a kan tsirkiyar wani ƙaton goge na Turawa, aka rage masa gudu.

Wannan shi ake kira rashin kuɗi da rashin lokaci sun haifi dabara. Mu da kullum kukanmu shi ne ba jari, ba kayan aiki, ba mai ɗaukar nauyi, mu ne ya fi kamata mu cire hula ga mutanen nan. Abin mamaki, mu ne kan gaba wajen raina su don ba su yi da kwamfuta ba. Kuma tsakani da Allah, ginin da aka yi da katako da siminti yana rushewa kamar gini, ƙura na tashi kamar ƙura. Da yawan abin da kwamfuta ke rushewa yau, ido na gani amma ciki ba ya ɗurar ruwa.

To daga ina rainin ya samo asali? Wani ɓangarensa ba laifinku ba ne, gadonsa kuka yi. A 1956 wasu 'yan kasuwar fim a Amurka suka sayi Gojira, suka yanke shi, suka ɗauki sababbin fitowa da ɗan wasansu Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, suka cusa shi a tsakiyar labarin, suka sa masa suna Godzilla, King of the Monsters! Fim mai minti 96 ya koma minti 80 duk da ƙarin da aka yi masa, ku lissafa abin da aka zubar. Matar jirgin ƙasa mai maganar Nagasaki ta ɓace. Musun da aka yi a majalisa, inda wani ɗan majalisa ke cewa a ɓoye gaskiya don kada a ɓata dangantaka da ƙasashen waje, wata mace ta miƙe ta ce sai an faɗa, an daddatse shi. Gargaɗin Yamane na ƙarshe, cewa in aka ci gaba da gwaji wani dodon zai sake fitowa, an maye shi da kalaman kwantar da hankali. Wannan yankakken shi ne ya zagaya duniya shekara da shekaru. Sai a 2004 aka saki na asalin a gidajen sinimar Amurka yadda ya kamata. Wato wanda ya jefa bam ɗin shi ne ya tace wa duniya kukan wanda aka jefa wa, mu kuma muka karɓi tatacce muka ce ai ba komai a ciki.

Kada ku ce wannan tsohon zance ne. A fim ɗin Hollywood na 1998, an ɗauke laifin daga kan Amurka an ɗora wa Faransa da gwajinta na Fasifik. A na 2014, an bayyana cewa fashe-fashen da aka yi a Fasifik a shekarun 1950 ai ba gwaji ba ne, ƙoƙari ne na kashe dodon. Ku sake karanta wannan jimlar. Bam ɗin da ya kashe Kuboyama ya zama taimakon da aka yi wa duniya. A na 2019 kuma aka kai ƙarshe: wani masani ɗan Japan ya ɗauki bam na nukiliya da hannunsa ya tayar da shi don ya farfaɗo da Godzilla ya ceci mutane. Sunan da aka ba masanin nan Serizawa.

Wanda ya kalli na 1954 ya san abin da ya sa wannan suna ke da ciwo. Serizawa na asali matashin masani ne da yaƙi ya ci masa ido ɗaya, ya killace kansa a ɗakin bincike, inda ya gano wani sinadari da ke halaka iskar shaƙa a cikin ruwa, ya narkar da duk mai rai. Shi kaɗai ke da abin da zai kashe dodon, kuma ya ƙi fito da shi. Hujjarsa ita ce da zarar duniya ta gani, 'yan siyasa za su mayar da shi makami, kuma shi ɗan Adam ne, in aka matsa masa zai iya faɗin sirrin. Sai da ya ga 'yan mata 'yan makaranta a talabijin suna addu'ar zaman lafiya sannan ya sauko. Ya ƙona takardunsa, ya sa kayan nutso ya shiga ƙarƙashin teku, ya saki sinadarin, sannan ya yanke igiyarsa don ilimin ya mutu tare da shi. Ba mu kawo wannan don mu yabi kisan kai ba, mun san hukuncinsa a wurinmu. Mun kawo shi ne don ku ga girman tambayar da fim ɗin ya ɗora wa mai kallo: mai ilimi yana da alhakin abin da aka yi da iliminsa ko ba shi da shi? Babu wanda ya yi tafi a kan jirgin bayan dodon ya mutu ya ji daɗin tafinsa. Wannan mutum ne Hollywood ta ari sunansa ta ba mai tayar da bam.

Akwai suka guda biyu da muka san za su zo a ƙasan wannan rubutu, gara mu tare su. Na farko, za a ce ai finafinan da suka biyo baya shirme ne. Wasu kam shirme ne, ba za mu rantse a kansu ba. Mun ga Godzilla yana rawar murna a 1965, mun ga an ba shi ɗa a 1967, mun ga yana tashi sama da wutar bakinsa a 1971. Da talabijin ta kwashe manya daga sinima, Toho ta koma neman kuɗin yara, Daiei ma ta fito da kunkurunta Gamera. Amma ko a nan a yi adalci. Rodan na 1956 a ramin haƙar kwal ya fara, da leburorin da ke mutuwa a ƙarƙashin ƙasa. Mothra na 1961 labarin ɗan kasuwa ne daga wata babbar ƙasa da ya je tsibirin da aka lalata da gwajin bam, ya sace 'yan mata biyu na mutanen wurin yana nuna su a dandali don kuɗi. King Kong vs. Godzilla na 1962 habaici ne ga kamfanin magani da ya jawo wa ƙasa bala'i don tallarsa ta samu masu kallo. Shi kansa na 1971 ɗin da ya tashi sama, dodon da ya yaƙa daga dattin masana'antu ya fito, a lokacin da cutar Minamata da hayaƙin Yokkaichi ke cin mutane. Ko da suna wasa, ba su daina nuna yatsa ba.

Suka na biyu ya fi nauyi. Za a ce Japan ta mayar da kanta abin tausayi ta manta da abin da sojojinta suka yi a China da Koriya. Gaskiya ne fim ɗin bai ce uffan kan Nanjing ba. Gaskiya ne Tsuburaya da ƙananan gine-ginensa ya yi wa gwamnatin soja finafinan farfaganda, har da na harin Pearl Harbor, kuma an kore shi daga aiki na wani lokaci bayan yaƙi saboda haka. Ba za mu wanke wannan ba. Sai dai yaron da ke kwance a barandar asibiti ba shi ya shiga Nanjing ba, kuma fim ɗin da ke son ya wanke ƙasarsa ba zai sa mafi munin makami a hannun ɗan ƙasar ba. Wanda ke da wannan suka ya zo mu zauna mu yi musu, mun yarda abin musu ne. Amma musu daban, dariya daban.

Kuma kada wani ya ce mana wannan ciwon wasu ne can nesa. Akasarin uranium ɗin da Amurka ta fara haɗa bam da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka tono shi. A ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, hamadar da iskar hunturu ke taso mana daga cikinta. Mutanen Afirka ta Yamma sun ji tsoron abin da iska za ta kwaso, kamar yadda matan Suginami suka ji tsoron kifi. Ghana ta riƙe kadarorin Faransa. Da aka yi gwaji na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Tun 1971 kuma ake haƙar uranium a Arlit. Kakanninmu sun san wannan tsoro da sunansa. Japan ta ɗauki nata ta yi masa jiki da murya, har jikokinta suka sake tayar da shi a Shin Godzilla na 2016 bayan hatsarin Fukushima. Namu yana ina? A ƙungiyarmu akwai wanda ya taɓa rubuta ko gajeren labari a kan Reggane? Mu da muka tashi da Dodo a bakin kakanninmu, muka san tun muna yara cewa ba don nishaɗi kawai ake kawo shi ba, yau mu ne muke ganin labari in da dodo a ciki ya fita daga sahun adabi.

Buƙatarmu ɗaya ce, Yaya, kuma mun miƙa ta ga shugabannin ƙungiya: a ware zama ɗaya a kalli fim ɗin tare, sannan a buɗe fili kowa ya faɗi ra'ayinsa. In bayan fitowar asibitin nan har yanzu akwai mai jin dariya, mun ba shi makon gaba ya rubuta raddi, za mu karanta har ƙarshe.

Wanda zai nema kafin lokacin, ya nemi na 1954, baƙi da fari, minti 96, da harshen Japan da fassara a ƙasa. In ka kunna ka ga Bature da lofe a baki yana ba ka labari, kashe, ba shi ba ne.